Shin Ko Kun San? Inda Ake Renon Tumatir a Bakin Taga

Shin ko kun san akwai ƙasashen da ake yafa irin tumatir a cikin ɗaki, alhali dusar ƙanƙara ta rufe lambu ruf? Ƙwarai kuwa! A Kanada, Rasha, Finland da arewacin Amurka, mai lambun gida ba ruwan sama yake jira ba. Tafiyar sanyi yake jira.

Babban abokin gabarsa shi ne raɓar da ke daskarewa cikin dare. Dare ɗaya tak ya isa. Sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, gari ya waye, sai a tarar tumatir ya yi baƙi ya kwanta. Shi ke nan, wahala ta tashi a banza!

To ga abin mamakin: lissafinsu da baya-baya suke yin sa. Kowane yanki yana da ranar da ake sa ran wannan raɓa za ta sauka karo na ƙarshe. Daga ranar ake ƙirgowa baya. Tumatir, mako 6 zuwa 8 kafin ta. Tattasai da barkono, mako 8 zuwa 10, don su ba sa gaggawar tsirowa. Albasa kuwa mako 10 zuwa 12, wato a wurare da dama tun watan Fabrairu. Kun ji fa, Fabrairu, lokacin da ko shebur ba ya iya huda ƙasa!

A cikin me ake shukawa? Kofin yogot, kwalin ƙwai, gwangwanin da aka huda gindinsa. Duk a jere a bakin taga. Amma wanda ya yi zumuɗi ya riga lokaci, zai ga ta kansa: hasken rana bai isa ba, sai tsiron ya yi ta miƙewa yana neman haske, ya zama zalaƙaƙai, siriri, fari fat, har ya faɗi. Shi ya sa wasu ke rataya masa fitila ta awa 14 zuwa 16 kullum. Kuɗin wuta saboda tumatir!

A Jamus, tsofaffin masu lambu ba sa dashe sai kwanakin da suke kira na Waliyyan Ƙanƙara sun wuce, daga 11 zuwa 15 ga Mayu. A sassa da yawa na Kanada kuma, hutun Ranar Victoria ake jira, Litinin ɗin da ke gabanin 25 ga Mayu.

Rashawa fa? Su sai sun yi tafiya. Mutum ya reni tsironsa a benen birni, Mayu na kamawa ya zuba shi a kwali ya shiga jirgin ƙasa zuwa ɗan lambunsa na bayan gari, wanda suke kira dacha. A zamanin Tarayyar Sobiyet, filin da aka saba bai wa iyali murabba'in mita 600 ne.

Kada ku ɗauka da ranar ta zo sai dashe. Ina! Tsiron da ya tashi a ɗaki bai san iska ba, bai san zafin rana ba. Sai an yi kwana 7 zuwa 10 ana fitar da shi ana mayarwa. Yau awa ɗaya a inuwa, gobe biyu, jibi a ɗan gusa da shi rana. Da yamma a kwashe a koma ciki. A ganina nan ne haƙurin mutanen nan yake, domin wanda ya tsallake wannan hidima zai ga ganye ya ƙone cikin yini guda.

Amma wasu kayan lambun sanyin ne abokinsu. Tafarnuwa a watan Oktoba ake binne ta, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara wata da watanni, a tone ta a Yuli. In ba ta sha sanyin ba, sau da yawa ba ta rabuwa sala-sala, sai ta yi dunƙule ɗaya. Karas kuwa zaƙi yake ƙarawa bayan raɓar ta daskare a kansa.

Latas fa? Irinsa na tsirowa ko da ƙasa na digiri 4 kacal a ma'aunin Salsiyos, amma zafi ya haura 30, sai ya ƙi fitowa ƙememe. Kun ga dalilin da masu fadama a Kano da Zariya ke jiran hunturu kafin su yafa shi!

Ku zo mu je Alaska. Lokacin nomansu gajere ne ƙwarai, amma a kwarin Matanuska rana kan kai awa 19 ba ta faɗi ba a tsakiyar shekara. Shuka ba ta hutawa. A shekarar 2012, wani manomi mai suna Scott Robb ya kai kabeji bikin baje kolin jihar a garin Palmer, aka ɗora shi a sikeli: kilo 62.71! Kabeji guda, jama'a. Ya fi buhun siminti nauyi da kusan kilo 13, kuma ya shiga kundin Guinness.