Ƙarar Tsohuwar Motar Gas: Wace Shawara Ce Gaskiya, Wace Ce Ke Kashe Inji?

A gaban tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, hira takan mutu da zarar mota ta ɗauki hanya. Direba da na gefensa sai sun ɗaga murya, rediyo ba ya jiyuwa, kuma wanda ya yi tafiyar Kano zuwa Damagaram a haka yakan sauka kunnensa na amo har dare. Shi ya sa magungunan rage ƙara suka yi yawa a bakin mutane: a zuba baƙin mai mai kauri, a gauraya kananzir, a ɗiga man babur a tanki, a ja tayimin baya, a cusa katifa a ƙarƙashin bonet. Wasu daga cikinsu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma sun yi sanadin sauke injin da zai iya ƙara shekaru yana aiki.

Kafin a auna kowace magana, sai a san inda ƙarar take fitowa. Injin gas ba shi da fulogin da ke ƙyasta wuta. Iska kawai fistin yake matsewa, kuma a tsofaffin injina irin su 2L da 3L da 5L na Hilux, 1HZ na Land Cruiser, 4D56 na Mitsubishi L200 da TD27 na Nissan, matsin yana haura ninki 20, alhali na motar fetur bai cika wuce ninki 10 ba. Iskar da aka matse haka takan yi zafi fiye da digiri 500. A cikinta nozul yake fesa mai. Sai dai man ba ya kamawa nan take. Akwai ɗan jinkiri, wajen kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa, kuma duk man da ya taru a wannan tsakani yakan kama a lokaci guda, ya bugi kan fistin da bangon silinda. Wannan bugun shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da kowa ya san motar gas da shi. Duk abin da ya tsawaita jinkirin zai ƙara ƙarar: injin da bai ɗumama ba, gurɓataccen mai, nozul da ya gaji, tayimin da ya yi gaba, ko ringin da ya cinye. Duk abin da ya gajarta shi zai rage ta. Da wannan ma'auni za a iya gwada mafi yawan abin da ake faɗa a gareji.

Akwai masu alkawarin mayar da tsohuwar Hilux shiru kamar sabuwa. Ba zai yiwu ba. Sababbin injina, irin waɗanda Toyota ke kira D-4D, kwamfuta ce ke buɗe nozul ɗinsu, kuma takan fara fesa ɗan ƙanƙanin mai ya kama kafin babban feshin ya biyo, don haka wutar takan tashi a hankali. Wannan fasaha ta shiga ƙananan motoci ne a 1997. Tsohon famfon injekta feshi ɗaya ya iya, kuma babu abin da za a zuba a tanki ya koya masa na biyu. To amma ɗaya ɓangaren ma ba daidai ba ne, wato bakaniken da zai saurari kowace irin ƙara ya ce, "Alhaji, gas ne, haka kukansa yake." Kukan lafiya yana da tsari: daidai yake a kowace silinda, yana da ƙarfi da safe, yana laushi idan inji ya ɗumama. Ƙarar da ta fito sabuwa, ko wadda silinda ɗaya ta fi saura, ko mai nauyi daga ƙasan inji, cuta ce, kuma neman ta ake yi.

Batun kananzir da fetur ƙarya ce tsagwaronta. Ana auna saurin kamawar gas da abin da ake kira lambar sitan, kuma idan lambar ta yi sama jinkiri yana raguwa. Ƙa'idar Turai ba ta yarda ta gaza 51 ba, ta Amurka kuwa 40. Kananzir yawanci ƙasa yake da gas mai kyau a wannan ma'auni, fetur kuma an yi shi ne musamman don ya ƙi kamawa da matsi. Wanda ya gauraya su ya ƙara jinkiri ke nan, ya ƙara bugu. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Famfon injekta na yawancin waɗannan motoci ba shi da wani mai da ke sanya masa santsi sai gas ɗin da ke ratsa shi. Kananzir ya fi gas bushewa, fetur ya fi kananzir, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a cikin kayan da ya fi kusan komai tsada a jikin injin. Man babur kuwa, na injin da ake gauraya masa mai da fetur, yana ƙara santsi kaɗan, kuma wataƙila ya sassauta ƙaramar ƙarar famfo, amma ba ya sa gas ya kama da wuri. Tsohon baƙin mai da aka juye daga inji ya fi duka muni, domin garin ƙarfe ne da toka ake aikawa nozul. Abin da yake gaskiya a wannan babi shi ne akwai sinadarin ɗaga lambar sitan da ake sayarwa, kuma yana aiki idan man ne ba shi da kyau. Ni dai a ganina sauya gidan mai, sauya matatar gas, da zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasanta sun fi shi araha da amfani.

Baƙin mai mai kauri rabin gaskiya ne, kuma rabin ne mai haɗari. Baƙin mai ba shi da hannu a yadda gas ke kamawa, saboda haka ba ya taɓa ƙwas-ƙwas na asali. Abin da yake yi shi ne cike giɓin da ya buɗe tsakanin karanshaf da metal ɗin da suka cinye, sai bugun ya dusashe na ɗan lokaci. Rufe gyambo ne da riga. Wasu dillalai sun san wannan dabara sarai, shi ya sa mai sayen tsohuwar mota ya kamata ya zaro sandar awon mai ya taɓa da yatsa, ya kuma ji injin bayan ya yi tafiya ya yi zafi sosai. Mai irin 15W-40 na injin gas ya wadaci yawancin waɗannan motoci. Wanda ya fi haka kauri da yawa yakan daɗe bai hau saman inji ba da safe, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Idan kuwa akwai bugu mai nauyi daga ƙasa kuma fitilar mai tana ƙiftawa a sulo, a kashe mota a inda take.

Jan tayimin na famfo baya yana rage ƙara da gaske. Idan feshi ya makara, fistin ya riga ya kai ƙololuwa ko ya fara sauka, bugu sai ya yi laushi, mai mota ya tafi yana shi wa bakanike albarka. Bayan kwana biyu zai ga farin hayaƙi da safe, wahalar tashi, rashin ƙarfi a hawa, ƙarin shan mai, da zafin da ke bin salansa maimakon ya tura mota. A injin da kansa ke saurin tsagewa idan ya yi zafi, wannan ciniki ne na asara. Gyaran da ya halatta shi ne a mayar da tayimin inda kamfani ya ce, da agogon awo, domin sau da yawa wani ne ya tura shi gaba da kunne don mota ta yi ƙarfi, ko aka tsallake haƙori ɗaya wajen sauya bel.

Abin da ya fi damuna kuwa ba a ma lissafa shi cikin dalilan ƙara, alhali shi ne ya fi yaɗuwa a wajenmu. Mota tana shigowa daga waje, shawarar farko ita ce a cire tamostat, a kuma ɗaure fanka ta riƙa juyawa kai tsaye da inji, wai tamostat da kulocin fanka an yi su ne don ƙasashen sanyi. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80, sannan ta buɗe masa hanya zuwa lagireto. Idan ta buɗe ba ta hana ruwa wucewa, ko a Sakkwato ne a watan Afrilu. Idan aka cire ta, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, a lokacin hunturu ma yana iya wuni bai kai zafin aikinsa ba, kuma mun riga mun ga abin da sanyi ke yi wa jinkirin kamawa. A injina da yawa ma tamostat ɗin ce ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa ba tare da ya bi lagireto ba, don haka cire ta kan iya jawo zafin da ake gudu. Fanka kuma tana da kulocinta mai ɗauke da wani mai na silikon. Idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi sai ya kama, idan ta huce ya saki. Shi ya sa lafiyayyar mota take huci na ɗan lokaci da safe sannan ta lafa. Wadda aka ɗaure da ƙusa ko walda ba ta lafawa. Hucinta yana hawa da totur, kuma a kan babban titi shi ne yake danne kowace ƙara, yana kuma cin ƙarfin inji da mai. Idan kulocin ya gaji, akwai irin da ake buɗewa a ƙara masa silikon. Motar da ke zafi da tamostat da fanka masu lafiya, a duba lagireton da ya toshe, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto.

Maganar nozul gaskiya ce, kuma nan ya kamata kuɗin farko ya tafi. Lafiyayyen nozul yana fesa mai kamar hazo. Wanda ya gaji yana tsartuwa ko ɗiga, man ya taru ya kama da ƙarfi, har a ɗauka inji ne ya buga. An sauke injina da yawa a kan laifin nozul ɗaya. Gwajin tsofaffin bakanikai yana nan da amfaninsa: a bar mota a sulo, a sassauta natin bututun kowane nozul ɗaya bayan ɗaya, wanda ƙarar ta ɓace a kansa nan ne za a fara bincike. A rufe da tsumma, kada a sa yatsa kusa, domin matsin man ya ninka iskar taya sau arba'in ko fiye, yana iya huda fata. Kada kuma a gwada wannan a sabon inji mai kwamfuta, inda matsin ya ninka wancan kusan sau goma. Hitocin da ke ɗumama silinda kafin a tayar ma suna da hannu: idan ɗaya ya mutu, safiyar hunturu a Jos ko Agadas za ta zo da karkarwa, farin hayaƙi da bugu har sai silindar ta ɗumama.

Ƙananan ƙararraki suna da sauƙin kai. Tik-tik daga saman inji yawanci giɓin bawul ne. A TD27 da sukurudireba da sifana ake saita shi, a 3L da 5L da 1HZ kuwa sai an sauya 'yan faya-fayan ƙarfe, aikin da masu gaggawa ke tsallakewa. Tsit-tsit mai ƙarfi da safe, da baƙin tabo kusa da inda bututun hayaƙi ya haɗu da inji, gasket ne ya fashe. Ƙara salansa ta biyu ba ya taɓa ƙwas-ƙwas, domin ta bangon inji yake fitowa ba ta bututu ba. A gyara wadda ta ɓule kawai.

Saura abin da ke shigowa inda mutane suke zaune, kuma a nan ne aka fi samun sauƙi da kuɗi kaɗan. Ƙara tana bin rami kafin ta bi bango. Tsohuwar a-kori-kura cike take da ramuka: robar gindin sandar giya da ta yage, hujin da mai wayarin ya yi a bangon da ke tsakanin inji da direba, robobin ƙofa da rana ta cinye. Toshe su ya fi shimfiɗa komai tasiri. Sai robobin da inji da giyabos ke zaune a kai. Idan sun tsage ko sun zauna, ko aka musanya su da yankan tsohuwar taya, karkarwar inji takan bi shasi ta mayar da jikin motar gaba ɗaya abin kiɗa. Bayan waɗannan ne shimfiɗa take da ma'ana. Baƙar roba mai manne da bayan alminiyam tana hana faranti rawa, kuma ba sai an rufe ko'ina da ita ba, tsakiyar faffaɗan wurare ya isa. Abin da ke tare ƙarar kanta shi ne shimfiɗa mai nauyi a kan soso marar shan ruwa, a ƙasan ƙafa da bangon gaba, ba tare da giɓi ba.

Katifa a ƙarƙashin bonet kuwa a rabu da ita. Soson katifa yana shan gas da baƙin mai, yana kwance a saman bututun da ke kai ɗaruruwan digiri, kuma idan ya kama ba ya jiran a nemo ruwa. Akwai bargon bonet da aka yi don zafi. Idan babu shi, gara a bar wurin haka. Haka nan kada a toshe hanyoyin da iska mai zafi ke fita ta ƙasan inji da sunan killace ƙara.

Kunne yana saurin yarda da abin da aka biya kuɗi a kai, don haka a auna. Wayar hannu tana iya ɗaukar manhajar awon ƙara, kuma ko ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, ta isa kwatanta jiya da yau idan an aje ta wuri ɗaya, a titi ɗaya, da gudu ɗaya, gilasai a rufe. Ragin desibel 3 rabin ƙarfin ƙarar ne, ko da yake kunne kaɗan yake jin bambancin; sai an rage wajen 10 mutum yake jin ta ragu da rabi. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma direban da ke wuni a motar da sai ya yi ihu yaronsa yake jin sa yana kusa da wannan iyaka ko ya haura ta. A yi gyara ɗaya, a auna, sannan a wuce zuwa na gaba.