Mai Gyaran Lasifika da Allon Raba Sauti

A layin masu gyaran kayan sauti, ko a Sabon Garin Kano ko a wata kasuwar, kukan masu kiɗan biki ɗaya ne: "Maigida, tuwita ta sake ƙonewa." Ɗan koyo sai ya cire ta ya ɗaura sabuwa, ya karɓi kuɗinsa. Gwani kuwa kafin ya taɓa tuwita sai ya kwance akwatin lasifikar, ya zaro wani ɗan allo da ke maƙale a ciki, wato kurosoba.

Aikin allon nan aikin rariya ne, gari gefe, tsaki gefe. Amfilifaya tana turo sauti a haɗe, shi kuma ya tura kauri ga babbar lasifika, wufa, ya tura siriri ga ƙaramar lasifika, tuwita. Ba ya cin wutar NEPA, ba ya cin batir, da sautin da ya shigo yake aiki. Kayansa ma ba yawa: koyil na wayar tagulla mai tare siririn sauti, kwandansa mai tare kaurin, sai razista mai rage wa tuwita ƙarfi don kada ta tsaga kunne.

Akwai lissafi a ciki, kuma a nan ake gane wanda ya zauna ya koya. Idan tuwita mai om 8 ce, ana son a raba sautin a kaɗawa 3,000 cikin daƙiƙa, to kwandansa ta kusan maikirofarad 6.6 ake jera mata, wufa kuma koyil na kusan milihenri 0.42. Aka kawo lasifika mai om 4, lissafin ya tashi: a ninka kwandansar, a raba koyil ɗin biyu. Da yawa ba su damu da wannan ba, duk allon da suka samu a kasuwa shi suke liƙawa, shi ya sa za ka ji akwati ƙato amma murya kamar ta mai mura.

Ka tsaya ka kalli gwani yana neman cuta. Zai ɗora mita a kan tuwita. Mai om 8 in lafiyarta ƙalau takan nuna wajen 6, in ba ta nuna komai ba wayarta ta tsinke. Zai ɗauki batirin tocila ya dangwala a wayoyin wufa, ya ga ko takardar lasifikar ta turo waje ko ta shige ciki, don ya san jar waya da baƙa ba su juye ba. Sannan ya juya bayan allon yana bin ɗigon dalma ɗaya bayan ɗaya da farce. Akwatin da kullum yake bayan A Daidaita Sahu daga wannan biki zuwa wancan, jijjiga kaɗai ta isa ta tsaga dalmar ƙarƙashin koyil, sauti ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Zafin bazara kuma yana busar da kwandansa mai ruwa a ciki, ƙarfinta ya kauce ba tare da ta kumbura ba. Ko zaman koyil biyu yana da ƙa'ida: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, nesa da juna, don kada maganaɗisunsu ya cakuɗe.

Wasu sukan jera wa tuwita ƙwan fitilar mota. In wuta ta yi yawa ƙwan ya yi haske, ya shanye rarar. Dabara ce mai kyau, har wasu kamfanoni suna yin irinta. Abin da ba shi da kyau shi ne a yanke allon gaba ɗaya a haɗa tuwita kai tsaye don a sallami mai kaya da wuri. Wannan cin amana ne.

Sai dai ba kowane laifi ne na allo ba. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe tana yayyage sauti, kuma tuwita ce ke kwasar wannan yagewar. Don haka, masu kiɗa da ladanai, in kun ji murya ta fara karcewa, ku rage. In kuma kun kai gyara, ku ce a nuna muku allon kafin ku biya kuɗin sabuwar tuwita.