Rabon Lokaci a Gaban Manyan Injinan Lissafi

Wanda duk ya ji labarin Frontier, ƙasaitacciyar kwamfutar nan da ke cibiyar bincike ta Oak Ridge a jihar Tenesi ta Amurka, wadda a shekarar 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar tana lissafi fiye da biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda, yakan zaci na'ura ce tilo, alhali kuwa gungu ne na kwamfutoci sama da 9,000 da aka jera cikin akwatuna, aka sada su da wayoyi masu matuƙar sauri, suna shan wutar lantarki da a 2022 ta kai megawat 21. Da yake ɗaruruwan masana ne ke neman amfani da ita a lokaci ɗaya, wannan yana nazarin yanayi, wancan yana binciken magani, tilas a samu mai yin rabo a tsakaninsu bisa ƙa'ida.

Mai rabon nan manhaja ce, mafi shahara kuwa a wannan fanni ita ce Slurm, wadda aka fara rubutawa a cibiyar Lawrence Livermore ta Kalifoniya wajen shekarar 2002, ita ce kuma ke riƙe da ragamar Frontier. Asalin aikinta ya yi kama da na mai injin niƙa: kowa ya kawo ƙwaryarsa ya ajiye a layi, ya faɗi abin da yake so, ya tafi harkarsa, sai ya dawo ya tarar da gari. Haka masani yake rubuta umarninsa a takarda guda, ya ambaci adadin kwamfutocin da yake bukata da tsawon lokacin, ya miƙa ta da kalmar sbatch, ko da tsakar dare layi ya iso kansa aikin zai gudana ba tare da shi ba.

Sai dai ba kowane aiki ne ke karɓar wannan tsari ba. Wanda manhajarsa take tsayawa a tsakiyar lissafi bai san dalili ba, ko wanda yake son ya duba wani sashe na bayanansa, ya canza adadi ɗaya, ya sake dubawa, ba zai yiwu ya jira yini guda tsakanin tambaya da amsa ba. Wannan ce matsalar da ta sa Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT suka nuna tsarin raba lokacin kwamfuta tsakanin mutane da yawa a 1961, a zamanin da ake huda kati a miƙa wa ma'aikaci a koma gida. A gungu irin Frontier kuma, ba a yarda mutum ya yi aiki mai nauyi a kan kwamfutar da ake shiga gungun ta cikinta ba, domin ta kowa ce, idan ɗaya ya danne ta sauran duka sun shiga uku.

Saboda haka aka tanadi aikin kai tsaye. Masani zai buga salloc, ya ce yana son kwamfuta ɗaya na sa'o'i biyu, allo ya amsa masa cewa buƙatarsa tana jira, bayan ɗan lokaci ya ce an ba shi, ga lambar aikinsa. Daga wannan daƙiƙar injin ya zama nasa shi kaɗai, agogo kuma ya fara tafiya, ko yana bugawa, ko yana tunani, ko ya tashi neman abinci.

A nan ne, a ganina, mas'alar take da nauyi, domin haƙƙoƙi biyu ne suka yi karo, kowanne kuwa yana da hujja. Tunanin ɗan Adam a hankali yake tafiya, kuma duk mintin da masani ya yi yana zura wa allo ido, injin da aka saya da dukiyar jama'a yana zaune ba ya komai, ga wasu suna jira a layi. Amma kuma wanda aka hana shi sa'a guda ta gwaji yana iya tura aiki mai kuskure ga kwamfutoci dubu, ya ɓarnatar da abin da ya ninka wancan sau ba adadi. Maslahar da cibiyoyi da yawa suka cimma ita ce su keɓe 'yan injina kaɗan domin masu aikin kai tsaye, su ba da su da gaggawa, amma su taƙaita wa'adi. Cibiyar NERSC da ke Bakle, alal misali, ta ƙayyade sa'o'i 4 ga irin wannan aiki a kan kwamfutarta Perlmutter. Ina ganin wannan adalci ne, ko da yake keɓewar ita ma tana da farashi, tunda injin da aka ajiye domin mai zuwa ba ya aikin kowa kafin ya zo.

Akwai wata hikima a cikin Slurm da ke amfanar mai faɗin gaskiya. Yayin da take tara injina domin wani babban aiki, wasu sukan zauna fayau suna jiran sauran su gama. Sai ta cusa ƙananan ayyuka a wannan giɓi, da sharaɗin za su ƙare kafin lokacin babban ya yi. Wanda ya nemi minti 30 domin abin da yake buƙata ke nan, sau da yawa yakan riga wanda ya nemi sa'o'i 8 don kawai kada ya rasa. Tana kuma riƙe da hisabin abin da kowane rukuni ya ci, ta rage matsayin wanda ya sha da yawa, nauyin wannan hisabi yana raguwa da rabi duk bayan kwana 7 idan masu kula ba su sauya ba.

Abin da ya rage a wuyan masani shi ne ya buga exit da zarar ya gama, ya mayar da amanar da aka ba shi, kuma ya riƙa adana sakamakonsa tun kafin wa'adi ya cika, domin idan ya cika Slurm tana aika wa aikin sanarwar tsayawa, ta jira daƙiƙa 30 bisa tsarinta na asali, sannan ta kashe shi ta miƙa injin ga na gaba a layi.