Abin da Alƙali Ba Zai Iya Rabawa Ba

(Kiɗan buɗe shiri)

A shirinmu na musamman na yau za mu taɓo maganar da ba a cika son tayar da ita a tsakar gida ba, wato wasiyya da kimtsa dukiya tun mai ita yana da rai.

A watan Afrilun 2016, shahararren mawaƙin Amurka Prince ya rasu yana da shekara 57. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai kuma bar wasiyya ba. An ƙiyasta dukiyarsa a kan dala miliyan 156, kotu kuma ta tabbatar da 'yan'uwansa 6 a matsayin magada, amma ba a kammala shari'ar ba sai a 2022. Biyu daga cikin magadan sun mutu suna jira, lauyoyi da hukumar haraji kuwa sun kwashi kaso mai tsoka.

Wani mai sauraro zai ce ai can Amurka ke nan, mu Allah ya riga ya raba mana gado. Haka ne. Aya ta 11 da ta 12 da ta 176 a Suratun Nisa'i sun yanke wa kowa rabonsa: matar aure tana da tumuni idan mijin ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba. To amma ayoyin kaso suka faɗa. Ba su faɗi wace gona ce taka wace ce ta ƙanenka ba, ko nawa ne jarinka a hannun yaron shago, ko kuɗin wa aka ba ka ajiya. Alƙali yana raba abin da ya tabbata ne kawai, kuma mutumin da ya fi kowa sanin gaskiyar lamarin shi ne wanda aka binne.

Ku duba tsarin da malaman fiƙihu suka jero. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sai a biya bashi, sai a zartar da wasiyya, sannan a raba abin da ya rage. Bashi da wasiyya duka suna gaban gado, kuma duka biyun sun dogara da abin da mamaci ya bayyana kafin ya cika. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

(Kiɗa kaɗan)

To me ke sa ake jan ƙafa?

Na farko camfi ne. Da ka ambaci wasiyya sai a ce, "Haba Alhaji, daina yi wa kanka fatan tsiya." Tarihin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya isa amsa. Ya kwanta ciwo mai tsanani a Makka, a lokacin 'ya ɗaya gare shi, ya nemi izinin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa. Aka hana shi. Ya nemi rabi, aka hana, aka tsayar da shi a kan sulusi. Daga nan aka samo iyakar wasiyya. Sa'adu ya warke, ya ƙara shekara fiye da 40 a duniya, ya haifi 'ya'ya da yawa.

Na biyu shi ne ɓoyo. Magidanci mai mata biyu ko uku yana gudun kada a san abin da ya mallaka, uwargida ta fara lissafi, amarya ta fara nata. Sai ya sayi fili ta hannun dillali, ya ajiye takarda inda shi kaɗai ya sani. 'Ya'ya kuma kunya ba za ta bar su su tambaya ba, don kada a ce sun ƙosa uban ya mutu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka ɓoye wa iyali, sau da yawa bare ne ke cinye shi.

Na uku, masu cewa, "Ni me na tara?" Alhali rigimar gado ta fi zafi a gida ɗaya mai ɗaki huɗu da magada goma sha biyu. Mata ma abin ya shafe su: gwal, awaki, zubin adashi, da kuɗin da mace ta ba mijinta ya ƙarasa gini. In ba a rubuta cewa rance ba ne, ranar rabo sai a haɗa da dukiyar miji, ita kuma a miƙa mata tumuni, ko ma ta raba tumunin da kishiyoyi.

(Kiɗa kaɗan)

Akwai haƙƙoƙin da jinkiri ke kashewa ɗungurungum. Ɗauki jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa. Muddin kakan ya bar ɗa namiji, wannan jika ba shi da gado, ko da a hannun kakan ya tashi. Ƙasar Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta ba irin waɗannan jikoki wani kaso. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, ƙofar da aka bar masa ita ce sulusin nan, kuma kakan ne kaɗai zai iya buɗe ta. Haka agola, da ɗan riƙo, da hadimin da ya tsufa a gidan. Wanda yake magaji kuwa ba a yi masa wasiyya, sai in sauran magada sun yarda.

Sai kyauta. Uba ya ce, "Na ba wance gidan nan," amma bai fita ya damƙa mata ba har ya rasu. A Malikiyya, kyautar da ba a karɓa an riƙe ba kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali, ta koma cikin gado.

A Najeriya kuma mutane da yawa sun ɗauka sunan da suka rubuta a banki a gurbin makusanci shi zai karɓi kuɗinsu. Ba haka ba ne. Banki da kamfanin fansho sukan nemi takardar kotu da ta ba da izinin kula da dukiyar mamaci. Asusun da iyali ba su san da shi ba kuwa, babu mai zuwa nemansa.

In rabo ya daɗe har wani magaji ya mutu, sai lissafi ya hau kan lissafi, abin da malamai ke kira munasaha. Gidan da 'ya'ya biyar za su raba cikin yini ɗaya ya koma na jikoki arba'in, 'yan ubanci ya shiga, zumunci ya watse.

Gyaran ba shi da tsada. Ka rubuta abin da ka mallaka da inda takardunsa suke, wanda kake bi da wanda ke bin ka, da amanar da ke hannunka. Ka ware dukiyar matarka da ta abokin kasuwancinka. In kana da wasiyya, kada ta wuce sulusi. Ka nuna wa malamin da ya san ilimin gado ko lauya, ka kafa shaidu biyu adilai, ka naɗa wasiyyi. Kana da ikon sauya ta duk lokacin da hali ya sauya. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya ba mai abin yin wasiyya wa'adin kwana biyu ne kacal.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya sa mu cika da imani, ya raba mu da haƙƙin wani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)