Asiri a cikin kiɗa: daga George Formby zuwa titin Iweka

A 1940, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ɓarkewa ba, kamfanin Ealing na Ingila ya fitar da fim mai suna Let George Do It! Marcel Varnel ne ya ba da umarni. Jarumin, George Formby, haifaffen garin Wigan ne, mai faɗin baki da haƙora a waje, kullum rungume da 'yar garayar Turawa mai tsarkiya huɗu. A shekarun nan, cikin 'yan wasan Ingila babu wanda ya kai shi cika sinima.

A fim ɗin, tawagar makaɗan da George ke ciki ce za ta wasa Blackpool. Da yake an kafa dokar kashe fitilu da dare kada jiragen Jamus su hango gari, George ya ruɗe cikin duhu, ya faɗa jirgin ruwan da ba nasa ba, sai ga shi a Bergen ta ƙasar Nowe. Can aka ɗauka shi ne ɗan leƙen asirin da aka turo ya maye gurbin wani da aka harbe. Shugaban makaɗan wani otal a garin, Mendes, karen farautar Jamus ne. Cikin kiɗan da ake watsawa ta rediyo yake cusa saƙo, jiragen ƙarƙashin teku na kasa kunne, su gane inda jiragen Ingila suke, su nutsar da su. Gaɓon da kowa ya raina shi ya tona asirin. Har mafarki ya yi, wai ya sauko daga balan-balan a tsakiyar gangamin 'yan Nazi ya ɗirka wa Hitila naushi. Kafin fim ɗin ya isa sinima ma, Jamus ta riga ta mamaye Nowe a watan Afrilu.

A ganina, daɗin fim ɗin yana ga kunne. Kafin The Jazz Singer na 1927 fim bebe ne, in za a yi magana sai a rubuta a allo. Ingila ba ta shiga sahu sosai ba sai 1929, da Blackmail na Alfred Hitchcock. To, sana'ar ɗan leƙen asiri ta saurare ce: laɓe bayan ƙofa, tarho, rediyo, karin harshen da ke tona baƙo. Mai barkwanci kuma abincinsa jin magana a baibai. Da sauti ya zo sai sana'o'in biyu suka haɗu. Ta yaya za ka ɓoye saƙo cikin kiɗan da ɗan kallo ba ya ji?

Sai dai sautin ya zo da tasa ƙaya. Faɗuwar Charlie Chaplin ba ta neman fassara, amma ba'ar Formby da karin Turancin Lankasha ake yin ta. A Nijeriya an san wannan matsala. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, amma akasarin talakawa a majigi suka fara ganin fim. Sashen fina-finan mulkin mallaka da aka kafa a 1939, ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in tsafta a Legas, motoci yake turawa gari-gari. A kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, tafinta ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa, a nuna labarin yaƙi, a sirka da Chaplin don kada taro ya watse.

Bahaushen da ke kasuwanci a Kasuwar Ochanja ta Anaca bai yi nisa da wannan tarihi ba. Titin Iweka da ya ratsa wajen yana cikin manyan cibiyoyin dillancin fina-finan Kudu a zamanin kaset. Duk wanda ya kalli tallar kaset a wancan zamani ya haddace lamba 51 ta titin. Living in Bondage na 1992 da harshen Ibo aka yi shi, amma ba da daɗewa ba 'yan kasuwa suka karkata ga Turanci da Buroka, don harshe ɗaya ba ya sayar da kaset a ƙasa duka. Dubi Osuofia in London na 2003: Nkem Owoh ya fito a matsayin Osuofia, baƙauyen da ya je Landan karɓar gado, masu wayo suka kewaye shi, ya bar su da cizon yatsa. Marigayi Rabilu Musa Ibro ma irin wannan rawa ya sha takawa a Kano. Mai albasa ko ɗan canji da bai ƙware a Turanci ba yakan ƙyalƙyace da dariya tun daga tafiyar Osuofia, tun bai buɗe baki ba.

Yanzu kaset da faifai sun ja baya, fim ya koma waya da memori. Aikin tafinta kuwa bai mutu ba. Kamfanoni irin su Algaita a Kano ke ɗora Hausa a bakin jaruman Indiya, 'yan tura su loda wa mutum a waya, ya kalla a rumfa kafin mai saye ya zo.