Masu Lambun Laka a Gaɓar Kogin Haɗejiya

Ƙasar fadamar wani ƙauye da ke gaɓar kogin Haɗejiya baƙar laka ce mai danƙo. Da damina tana kama ƙafa har ta zare wa mutum takalmi, da rani kuma ta bushe ta tsattsage, yaro ya iya zura hannu cikin tsagar. Tsakanin wannan da wancan akwai 'yan kwanakin da take karɓar fartanya, kuma kowane mai lambu ya san yadda ake gane su. Zai danƙo ƙasa ya murza a tafin hannu. In ta marmashe, lokaci ya yi. In ta miƙe kamar igiya, sai ya saɓa fartanyarsa ya koma gida. Wanda ya yi gaggawar shiga tana jiƙe, ya tattake ta, shekarar nan da hoge zai yi ta fama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka raba lambu gwargwadon tudu da kwari, ko da bambancin bai wuce taƙi ɗaya ba. Can ƙasa, inda ruwa ke kwana, shinkafa ce da gwaza. Sama kaɗan rake da ayaba, masu son laima amma ba sa son nutsewa. Albasa, tumatir, tattasai da attarugu kuwa sai kan kunya mai tsayi, kuma sai ruwa ya janye bayan kaka, domin saiwarsu na buƙatar iska. In ta kwana biyu a cikin ruwa sai ganye ya yi rawaya, tushe ya ruɓe. Karas ba ya jin daɗin laka ko kaɗan, yakan fito gajere mai rassa. Gwanda da zogale ma ba a kai su fadama, a jigawar bayan gida ake dasa su. Gwaiba tana jurewa, haka bagaruwa da giyayya da ke tsaye a bakin ruwa tun zamanin kakanni.

Baƙo yakan ba da shawarar a zuba yashi. Mutanen nan sun san kura biyu ko uku ta yashi ba ta sauya laka, wani lokacin ma ƙara mata tauri take yi. Kashin shanu da ya ruɓe, ɓuntun shinkafa da tarkacen gona suke binnewa shekara bayan shekara, har ƙasar ta saki jiki.

Babbar magana ita ce hanyar ruwa. Magudanar kowa a gonar maƙwabcinsa take ƙarewa, don haka ba wanda ke haƙa tasa shi kaɗai. Kafin damina ta kankama, sarkin noma kan kira gayya a yashe babbar magudana tun daga ƙarshenta a hauro sama, don ruwa ya tarar da ƙofa a buɗe. Wanda ya toshe tasa ya tura wa maƙwabci ruwa, a gaban mai unguwa zai yi bayani. Inda ruwa ya rasa mafita ya tsaya rana ta ƙafar da shi, sai ka ga fari-farin kanwa ya taso a fuskar ƙasa, kuma wurin ya daina ba da komai.

Aikin ya ƙara nauyi tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. A da kogin yakan cika ya ja baya, fadama ta bushe ta huta. Yanzu ruwa na gudana kusan duk shekara, ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta cike hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa suka samu mafaka a cikinta. Samarin ƙauyen kan shiga ruwa har ƙirji da adduna suna sare ta daga ƙarƙashi, don in an yanke ta a ƙasan ruwa ta fi saurin mutuwa. Gayyar ƙauye ɗaya ba za ta iya da kachallar kogi guda ba; wannan aiki na hukuma ne, da injinan yasa, kuma a kan kari.