Fijo Ko Toyota: Gardamar Da Ta Ƙi Ƙarewa A Tashar Yawuri

In kana son ganin tsohon direba ya gyara zama, ka ambaci Peugeot 504 a tashar mota ta Yelwa ko ta Shanga. Nan take hira za ta ɓarke.

Wannan mota da muke kira Fijo ta fito a Faransa a 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Bayan kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, sai ta cika hanyoyin Arewa, har da hanyar Kontagora zuwa Jega da ta ratsa ƙasar Yawuri. Masoyanta suna yaba ta saboda tayoyin baya ne ke tura ta, ga ta nesa da ƙasa, ga iya shanye gargada. A jibga mata buhunan albasa da kwalayen bandar kifi, ta tafi abinta. Kuma ba cika baki ba ne kawai: ita ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975.

'Yan Toyota kuwa dariya suke yi. Su hujjarsu mai: Corolla ba ta zuƙarsa kamar Fijo, Hilux kuma ba ta tsoron laka. A tsadar man yau, da wuya a ƙaryata su.

Sai dai kanikawa suna da tasu damuwar. Injin 504 yaro kan koye shi da sifana da kunne, motocin yanzu kuwa sai an jona musu kwamfuta. Ɗalibin da ke sha'awar kanikanci, dole ya riƙe darasin lantarki.